Indo Shela da Idon Ruwa

Duk wanda ya taɓa sauka a Tungar Dudu, can bakin ruwa gaba da Warra, kafin ya gama ɗaure jirginsa ya riga ya ji sunansa daga bakin Indo. Tana zaune gaban murhun bandarta, hayaƙi na tashi, amma idonta na kan hanya.

"A'a, Ɗahiru ne tahe da sabuwar hula! Kai da wa? Au, ƙanen matarka ne, dogon nan. Ku biyo ta dama, an shanya taru a hagu!"

Haka take yi tun safe har rana ta faɗi. Baƙo ne ko ɗan gari, kai ko akuya ce ta ratso tsakar gida, sai Indo ta faɗi ta wane gida ce da inda ta nufa. Shi ya sa aka laƙaba mata Indo Shela, ta kuma amsa sunan ba ta ɓata rai ba. Mata na cewa bakinta ba ya hutawa, maza na tausaya wa mijinta. Da sun san dalili, da kunya ta kama su gaba ɗaya.

Mijin nata shi ne Sule, kuma a gaɓar nan babu masunci da ake faɗar sunansa da girma kamar shi. Idanunsa rawa suke yi, dama da hagu, ba su tsayawa ko na ƙiftawa. A gidansu wannan abin alfahari ne. Suna kiransa idon ruwa, sun ce kakan Sule ma da shi ya zo duniya, kuma wanda ya zo da shi yana ganin abin da ke ƙasan ruwa. Wa zai yi musu? Sule ya san inda tsohon kogi ya bi tun kafin dam ya shanye garuruwa, ya san inda kututturan itatuwa suke a nutse suna jiran taru, ya san ramin giwan ruwa. In ya ce a jefa nan, a jefa nan kawai.

Indo kaɗai ta san gaskiya, kuma tun tana amarya ta sani. Wata safiya ta fito daga bayan ɗaki, ta tarar da angonta tsaye gaban zanen da ta shanya a igiya, yana yi masa sannu da aiki cikin murya mai taushi. Dariya ta kama ta har da riƙe ciki, sai ta lura shi ba wasa yake ba. Ya ja ta ɗaki ya gaya mata abin da ko mahaifiyarsa bai taɓa gaya wa ba. Haske yake gani da duhu, da inuwar mutum in ya matso, sauran duk fari-fari ne kamar mai leƙe ta cikin koko. Ruwan kuwa da kunne ya san shi, da tafin hannu, da yadda gorar tuƙin jirgi take gaya masa laka ce ko yashi, da warin iska. Tun yana yaro aka ɗora masa sunan mai idon ruwa, ya ga babu hanyar sauke shi, sai ya dage har ya cika shi.

"Ki ruhwa min asiri," in ji shi.

Ta rufa masa. Daga ranar ta zama mai shela. Kowane "ga wane nan tahe" nata ba surutu ba ne, sanarwa ce ga mutum ɗaya da ke zaune gindin gawo yana gyaran taru, don ya ɗaga kai ya kira baƙo da sunansa kamar ya hango shi tun daga nesa. Shekaru sun haura arba'in ana haka, ba wanda ya gano. Ta haifi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zo da idon ruwa. Dangin miji suna yi mata jaje wai gado ya tsallake ɗakinta, ita kuwa tana shiga ɗaki ta yi wa Allah godiya.

Sai autanta Surajo ya auri Murjanatu, aka haifi namiji, aka sa masa Abdulƙadir. Indo ta ɗauke shi miji, kamar yadda kakanni suke yi. Kullum tana yi masa tsiya, wai ango ne marar cefane, ya zo ya tare a gida sai barci da kuka. Yaron yana cikin watansa na uku, wata rana da hantsi ta karɓe shi daga bayan uwarsa, ta ɗaga shi sama tana zolaya, sai ta ƙura wa fuskarsa ido. Idanun nan biyu suna kai da komo, dama da hagu, irin rawar da ta shekara arba'in tana kallo.

Kafin azahar labari ya cika tunga. Aka yi abin da gidan yake yi: aka kai yaro bakin ruwa, wani dattijo ya tsoma filafilin tuƙa jirgi ya ɗiga masa ruwa a goshi, aka dafa kan giwan ruwa aka raba gida gida. Surajo kamar ya tashi sama don murna. Mata suka yi ta guɗa. A ranar ce kaɗai mutanen Tungar Dudu suka ga Indo Shela ta yi shiru, suka ce farin ciki ne ya rufe mata baki. Baƙin ciki ne. Ta dubi Sule can gefe, ana ta miƙa masa hannu ana yi masa barka, shi ma fuskarsa ba ta mai murna ba ce.

Indo ba mace ba ce mai zama ta yi tagumi. Ta taɓa ji wajen masu sayen bandarta cewa a wani asibiti a Yelwa akwai ɗakin da ake duba ido kawai. Ranar kasuwa ta ɗaure kwandunanta, ta ce wa Murjanatu ta goyo yaro ta raka ta, ai ya isa ya ga birni. Da suka sauka ta bar kifin wajen wata ƙawarta, ta ja surukarta sai asibiti.

Ma'aikaciyar da suka samu wata ce Zulai'atu, siririya, mai magana a hankali. Murjanatu, wadda har lokacin ba ta gane me ya kawo su ba, ta yi saurin cewa, "Lahiya lau yake. Idon ruwa ne, gadon gidansu ne."

Zulai'atu ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce, "To, bari mu gani. Rawar ido ba ita ce ciwon ba, alama ce. Sau da yawa in ido bai samu abin da zai kama ya tsaya a kai ba, shi ne yake ta yawo. Aikina in gano mi ya hana shi kamawa."

Ta fara da tambaya. Yaushe aka fara gani? Duka biyun ne ko ɗaya? In yana shan nono yana kallon fuskar uwarsa? Murjanatu ta buɗe baki za ta ce i, sai ta tuna bai taɓa yi ba. Yana runtse ido in an fita rana? Yana zabura, ko amai, ko kansa na ƙara girma? Zulai'atu ta bayyana musu cewa wani lokaci abin daga ƙwaƙwalwa yake, shi ya sa take tambaya, amma mafi yawa a jarirai daga idon ne kansa. Ta duba gashin yaron da fatarsa da launin idonsa, ta ce ba zabiya ba ne, don su ma idonsu yakan yi rawa. Ta wuce da wani jan abin wasa ta gabansa, bai bi shi ba. Ta kunna tocila, ya ɗan juyo wajen hasken.

"Madalla, haske na shiga," in ji ta. "Yanzu mu ga hanyar da yake bi."

Ta ɗiga masa magani don baƙin idon ya buɗe, ta ce su jira a waje. Yaro ya yi kukansa ya gaji. Da ta kira su, ta rufe taga ta saki labule, ɗakin ya yi duhu da rana tsaka. Ta ɗauko wata 'yar fitila mai ƙaramin madubi, ta kanga a idonta, ta haska na yaron daga ɗan nesa, sannan ta matso. Ta daɗe tana kallo, dama sannan hagu.

"Inna," ta ce wa Indo, "in ido lahiya yake, hasken ga kan je can ciki ya dawo ja. Na jikanki ba ya dawowa. Akwai yana a duka biyun, da ita anka haihe shi."

"Yana? Ba ta tsohi ba ce?" in ji Murjanatu.

"Har jarirai. Kuma ana cire ta. Sai dai ba a jira, don yanzu ne ƙwaƙwalwarsa take koyon gani. In ta saba da duhu, ko an cire daga baya ba ta koya yadda ya kamata. Zan rubuta muku takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato, su duba bayan idon da na'ura, su tabbatar babu wani abu bayan yanar. Amma sai da yardar ubansa." Ta juyo ga Indo. "Kun ce gado ne. Wa ke da shi a gidan?"

Indo ta waiga. Ga surukarta tsaye tana kallonta.

"Kakansa," in ji Indo.

"Yaya ganinsa yake?"

Indo ta kau da kai. Ta ce, "Sai dai ki tambaye shi."

Abin da ta ji tsoro shi ya faru. Da suka koma tunga, Surajo ya ji ana maganar wuƙa a idon ɗansa, ya yi tsalle ya dire. Ba mugun yaro ba ne, yana son ɗansa kamar ransa, kuma hujjarsa a gabansa take zaune.

"Haba Inna! Ga Baba nan. Wa yat taɓa yi mashi aiki? Akwai mai ganin da yah hi nashi a ruwan ga? Allah ya ba mu kyauta, ku ce a kai a yanke? Ba da ni ba."

Me za ta ce? Ƙaryar da ta shekara arba'in tana ginawa da bakinta, ita ce ta taso ta tsaya tsakanin jikanta da gani. Kalma ɗaya za ta rushe ta, amma kalmar ba tata ba ce, amana ce.

Washegari da hantsi, maza sun tafi ruwa, ta samu Sule gindin gawo, yatsunsa na bin taru suna gano ɓaraka. Ta zauna kusa da shi. Ba ta yi shela ba, a hankali ta yi magana.

"Malam, ban taɓa roƙonka komi ba a kan zancen ga."

"Na sani."

"Yarinyar asibitin ta ce yana ce, kuma ana cirewa. Ta ce in an yi da wuri zai gani. Gani na gaskiya, ba irin wanda muke yi ni da kai ba."

Yatsunsa suka tsaya. "Kina so in tashi gaban 'ya'yana da hurhura in ce ni makaho ne? In ce duk abin da anka hwaɗi a kaina ƙarya ne?"

"Wanne ne ƙarya? Kihin da kak kama ƙarya ne? Mutanen da kah hidda daga ruwa ƙarya ne?" Hawaye ya zo mata, ta bar shi ya zuba. "Ni na ɗauki nawa, ban yi da-na-sani ba. Amma na tsuhwa, Malam. Shi wa za ya yi mashi shela?"

Sule ya ci gaba da ɗinkin taru har ta fidda rai, ta yunƙura za ta tashi. Sai ya ce, "Ki hwaɗa ma Auta ya gyara jirgi. Ina so in ga yarinyar nan mai hitila."

Surajo ya ɗauka Baba zai je ne ya kunyata 'yan asibiti, don haka da fara'arsa ya tuƙa su. Suka cika ɗakin Zulai'atu, tsoho da tsohuwa, ɗa da mata da jariri. Ta gaishe da Sule har ƙasa, ta ɗiga wa kowa magani, ta jira ya kama, ta saki labule. Da ta ga yadda Surajo ya harɗe hannu yana hura hanci, sai ta yi abin da ya fi dogon bayani. Ta miƙa masa fitilar, ta nuna masa inda zai leƙa.

"Hara da matarka."

Ya leƙa, ya ɗan ja baya. "Ja ne. Kamar garwashi."

"To, duba ɗanka."

Ya daɗe yana gyara tsayuwa. "Ban ga komi ba. Toka-toka ne."

"Yanzu duba Baba."

Surajo ya yi jim, don ba a saba ɗa ya ƙura wa ubansa ido ba. Sule ya ce, "Duba mana." Ya sunkuya ya leƙa idon da aka rene shi da labarinsa. Ya duba dama, ya duba hagu.

"Iri ɗaya ne," in ji shi, da ƙyar.

"Auta," in ji Sule, muryarsa ba ta ko girgiza ba, "tun randa anka haihe ka ban taɓa ganin huskarka ba. Da tahiyarka na san ka, da tarinka. Uwarku ita ce idona. Ruwa kuwa wahala ce ta koya min shi, ba wata kyauta ba. Kada ka bari yaron ga ya sha abin da nis sha."

Surajo ya durƙusa a gaban ubansa ya kifa kai a gwiwarsa, ƙato da shi yana kuka kamar yaro. Indo kuwa ta ji wani nauyi ya sauka daga wuyanta, har ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya, sai ta haɗa duka biyun. Da aka nitsu, Zulai'atu ta duba Surajo shi ma, ta sami ɗan ɗigon yana a gefen idonsa, ƙarami ƙwarai, bai tare masa hanya ba. Ta ce ga yadda abin ya bi jini ya iso ga yaron, gadon gaskiya ne, sunan ne kawai aka ba shi ba daidai ba.

Ba su ɓata lokaci ba. A Sakkwato likitoci suka sake dubawa tun daga farko, suka ɗora na'ura a kan fatar idon suka ga bayansa lafiya lau, jijiya ba ta da matsala. Aka yi aiki a ido ɗaya, aka bi da ɗayan. Sule ma sun duba shi. Likitan bai ɓoye masa ba, ya ce za a iya cire tasa yanar, haske zai ƙaru, amma ganin da bai koya yana jariri ba ba zai same shi yanzu ba. Indo ta ji zafin wannan magana fiye da shi. Shi cewa ya yi a bar shi haka, ya saba da hanyarsa, a mai da hankali kan yaro.

Suka dawo tunga da jariri sanye da tabarau mai kauri, an ɗaure masa shi da roba ta bayan kai. Yara suka yi ta zuwa kallo. Indo ta ce ai dama ta faɗa, angon nata ɗan boko ne, ga shi ya fara da gilashi kafin littafi. Amma hidimar ba wasa ba ce. Ga maganin ɗigawa a kan lokaci, ga hana hayaƙin banda isa gare shi, ga komawa asibiti a kai a kai ana sauya gilashi yadda ido ke girma. Indo ta ɗauke murhunta kacokan ta mai da shi bayan gari, ta tsaya a kan Murjanatu kamar soja. In yaro ya fizge tabarau, kafin ya faɗi ƙasa ta mai da shi.

Zancen Sule kuwa ya bazu har Warra, kuma abin da ya ji tsoro tsawon ransa bai faru ba. An yi ƙus-ƙus na ɗan lokaci, wasu tsofaffi suka ce an ɓata gado. Amma masunta mutane ne masu lissafi da abin da jirgi ya kawo. Suka zauna suka ce, ashe mutumin nan duk abin da ya yi ba da ido ya yi shi ba? Sai samari suka fara taruwa gindin gawo suna tambayarsa yadda ake jin yashi da gora, abin da a da ba wanda ya tambaya, don an ɗauka ba a koyonsa. Wata mata daga tungar da ke gaba, mai dangantaka da gidan, wadda idon ɗanta ma ke rawa, ta zo a ɓoye ta tambayi Indo hanyar ɗakin Zulai'atu. Indo ba ta iya ɓoye ba, da kanta ta raka ta.

Rawar idon Abdulƙadir ba ta tafi gaba ɗaya ba. Ta ragu sosai, sai in ya gaji ko yana kuka take dawowa. Likita ya ce yana gani, Murjanatu ta ce yana bin ta da ido, amma Indo ba ta yarda da ji ba. Ta san yadda mutum yake iya nuna yana gani alhali ba ya gani, ta fi kowa sani. Don haka ta zuba ido tana jira, zuciyarta ba ta kwanta ba.

Yaro ya fara rarrafe, ya fara tsayawa, ya fara tafiya yana tangaɗi. Wata rana Indo ta shanya warangi a tabarma, 'yan mitsi-mitsin kifin nan da ba su kai ɗan yatsa ba. Da yamma ta kwashe ta zuba a buhu, ta karkaɗe tabarmar, ba ta lura ɗaya ya faɗo can gefe a cikin yashi ba. Tana ɗaure bakin buhu sai ta ga yaron ya saki zanen uwarsa. Ya taho, ya tsallake igiyar jirgi da ke kwance a hanya ba wanda ya ce masa komai, ya kewaye turmi, ya tsaya. Ya sunkuya, tabarau na zamewa a hanci, ya sa yatsu biyu ya tsince kifin nan guda ɗaya daga cikin yashi. Ya ɗaga shi ya duba, ya dubi kakarsa, ya jefa a baki.

Buhun ya suɓuce daga hannun Indo, warangi ya watse a ƙasa, ko ta kansa ba ta bi ba.

"Ɓarawo!" ta kwarma ihu, hawaye na zuba. "Jama'a ku hito, miji ya yi min sata da rana tsaka! Guda ɗaya tak cikin rairayi, ya gan shi! Wallahi ya gan shi!"

Ta sure yaron ta ɗora a kafaɗa, yashi a bakinsa, ta rangaɗa guɗar da har masu jirgi a tsakiyar ruwa suka tsai da filafili suka waiwayo.